Dabo Ya Fita Daga Hoto

Duk wanda ke bin Ƙofar 'Yandaka ya san rumfar Dabo kafinta, ko da bai san sunan mai ita ba. Ƙyamare ne jingine a gabanta, wasu da fenti, wasu tsirara. Mai rumfar dogo ne, baƙi, ya fara ranƙwafawa. Ba ya yawan magana, ba ya kuma kunna rediyo in yana aiki, alhali duk sauran masu sana'a a layin sai da kiɗa suke iya buga ƙusa. Maƙwabta sun ɗauki wannan a kan tsoron Allah ne. Shi ma ya bar su a haka, don bai taɓa ganin amfanin gyara wa mutane kuskuren da ke yi masa ado ba.

Ba haka aka haife shi ba. Lokacin da kaset ke tashe, Dabo yana saurayi mai koyon sana'a, yana da aboki, Salahuddeen, wanda ba a taɓa ganinsa zaune wuri ɗaya ba. Wan Salahuddeen direban babbar mota ne mai zuwa Ikko, shi ya zo musu da wani kaset na Turawa, ba kwali, ba suna, ba wanda ya san ko na waye. Da suka saka shi sai da suka duba ko rikodar ce ta lalace. Kiɗan rawa ne irin na tsofaffin Turawa, amma an kore shi da gudu kamar an kunna masa wuta a wutsiya, jita tana ihu, mawaƙin yana kururuwa. A ƙarƙashin duk wannan hayaniya akwai wani abu mai kauri da ke tafe ba ya tuntuɓe, kowane taku da ƙara a bayansa, ƙas, ƙas, kamar ana marin katako. Wani malamin makaranta ya saurara musu, ya ce waƙoƙin duk na kaburbura ne da mahaukata da matattun da suka ƙi kwanciya.

“To mi ya yi saura?” in ji Salahuddeen. “Mu ma muna da su. Kakata ba ta da wani labari sai nasu.”

Haka suka ɗauko kiɗan garaya na maharba da na 'yan bori, suka ɗora masa jita mai lantarki, suka ninka masa gudu. Abin da suka rasa shi ne wancan mai kaurin na ƙasa. Sun same shi a ɗakin ajiyar wani tsohon kulob na ma'aikata: wani ƙaton abin kiɗa na katako mai tsirkiya huɗu, wanda ake kaɗawa a tsaye, ya fi mutum tsawo, cikinsa a tsage. Da yake Dabo ne mai guduma da gam, shi aka bar wa. Ya ɗinke tsagar, ya ɗaura wayar birkin babur a madadin tsirkiya, suka sa mata suna Saniya, don girmanta da kukanta.

Ba wanda ya koya masa. Da kunne ya gano cewa ba taɓa tsirkiyar ake yi ba, fizgo ta ake a sake ta, ta koma ta mari katako, sannan tafin hannu ya bi ta da nasa marin. Wayar birki kuwa ba ta san wasa ba. Ta yanka shi, ya warke, ta sake yanka shi. Sai ya koma yin abin da manoma ke yi kafin damina: ya ƙunsa yatsunsa da lalle, ya jiƙa su da ruwan alif, har fatar ta zama kamar ta ƙirgi.

Kaset ɗaya tak suka yi, a garejin wani mai gyaran rediyo, suka kira shi Tsakar Rana, don ita ce sa'ar da kakar Salahuddeen ke cewa aljanu ke yawo. A wa'azi an zage shi. Iyaye sun fasa shi da taɓarya. Direbobin Jibiya da na Maraɗi kuwa sun sa shi har ya shaƙe, masu kwafa suna ta kwafa. Mutanen gari suka sa masa kiɗan mahaukata, sunan kuma ya bi shi. Daga baya, duk yaron da ya buɗe situdiyo a Katsina, in ka kasa kunne a ƙasan waƙarsa, za ka ji yana neman wancan ƙas-ƙas ɗin, wani ya kusa, wani ya yi nisa.

Sai dai a kwalin kaset ɗin, ba Dabo ne ke riƙe da Saniya ba.

A lokacin yana neman Fatu, 'yar Malam Baraka na Ƙofar Kwaya, malamin zaure wanda ko tafi ba a yi a gidansa. Ranar da mai hoto ya zo, an jera, Dabo ya hango fuskarsa a kowane shagon kaset na garin, ya hango Malam yana wucewa. Sai ya kira Sagiru, wanda ke ɗaukar musu kaya a baro yana ci musu abinci, ya ɗora masa wuyan Saniya a kafaɗa, ya gyara masa yatsu a kan tsirkiya, ya ja da baya har ya fita daga hoton. Sagiru ya washe baki. An yi dariya, an ɗauka.

Da maganar aure ta taso, Malam Baraka ya kira shi zaure ya tambaye shi alaƙarsa da waɗannan yara.

“Kaya nake ɗaukar masu, Malam. In abu ya karye in gyara.”

Malam ya sa aka kawo kwalin, ya duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, bai gan shi ba. Ya ce ɗaukar kayan ma a bari. Dabo ya bari. Saniya ba ta da wurin zama a gidan surukin Malam, sai aka kai ta gidan su Sagiru, wanda ya riga ya fara amsa gaisuwar makaɗi a hanya, ba ya musu. Ƙungiyar ba ta kai wata damina ba. Mai kaɗa musu jita ya bi hanyar arewa neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Salahuddeen ya yi jinya ya rasu. Sagiru mota ta kife da shi a hanyar Jibiya, ya bar mata da jariri. Dabo ya bi su duka da addu'a, kuma a can ƙasan zuciyarsa, inda ba ya son leƙawa, ya ji sauƙi. Masu iya tona shi sun ƙare.

Shekaru suka yi ta tafiya a kan zarto da ƙusa. Ya aurar da 'ya'ya, ya yi furfura, ya zama cikin waɗanda ake matsa wa a sahun gaba. Gaɓoɓin yatsunsa suka fara kumbura da sanyi, har wata rana guduma kan suɓuce masa.

Rannan autarsu Haulat tana wanke-wanke, wayarta a kan turmi, sai ya ji abin yana fitowa daga cikinta. Ƙas, ƙas. Yana alwala ne, ya tsaya da buta a hannu.

“Mi ne ne wannan?”

“Tsohon kiɗa ne, Baba, ya dawo. Kowa shi yake ɗorawa yanzu. Wai a garin nan aka yi shi. Ka ji mai bugun ƙasan nan? Baban Yazid ne, mai situdiyo a Kambarawa. An ce ba a taɓa yin hannu irin nashi ba.”

“Kashe. Ana kiran salla.”

Ba a fara kira ba tukuna. Ta kashe.

Daga ranar abin ya hana shi sakat. A Keke Napep shi ne, a shagon caji shi ne, a bakin masu wankin mota shi ne. Ya ga Yazid a wayar wani yana hira, bayansa an buga hoton nan ya cika bango, yana nuna Sagiru da yatsa yana cewa jini ba ya ƙarya. Dabo ya gaya wa kansa ƙarya ce ke damunsa, ƙarya a kan mamaci ba kyau. Amma ƙaryar ta girmi Yazid, kuma ba ta taɓa hana shi barci ba sai yanzu da aka fara yabo. Lokacin da abin yake abin kunya ya ba da shi kyauta. Yanzu da ya zama abin alfahari yana son kayansa. Yana son mutum ɗaya, ko ɗaya ne, ya dubi hannun nan ya ce ashe kai ne.

Bai je neman Yazid ba. Yazid ne ya zo, da hantsi, ya ajiye babur, ya durƙusa har ƙasa cikin garin katako da farin wandonsa.

“Baba ina kwana. An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya iyali, ya sanyin jiki?”

Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, suka sake ɗauko ta.

“Baba, ni ne ɗan Sagiru.”

“Na gani. Haƙoran nan ba a sayensu a kasuwa.”

Yazid ya yi dariya, ya rufe baki. “Inna ta ce duk cikin mutanen babana kai kaɗai ka saura. Ta ce kai ke ɗaukar masu kaya.”

“Haka ta ce?”

“Ta ce har gyara kana yi. Shi ya sa na zo. Saniya na wurina, wuyanta ya saki. Na kai ma wani ya ce shi gado ya iya. Kuma in ba damuwa, in ka zo, ka ɗan ba mu labarinshi mu naɗa. Ni ban san shi ba, Baba. Hoton nan kaɗai gare ni, sai kiɗan.”

Dabo ya dubi yaron. Ya ji tausayi, ba ƙarya, amma tausayin bai kai girman ɗayan abin ba. Ya ce zai zo ran Asabar.

Ran Alhamis da la'asar Fatu ta same shi a bayan ɗaki, zaune kan kujerar tsugunno, hannun dama cikin leda, lalle na tsiyaya ta gefe. Ta tsaya da tsintsiya.

“Malam, amarya za a yi mani, ko kai ne amaryar?”

“Sanyi ke damuna. An ce yana magani.”

“Uhm. Har da alif a kofi.” Ta jingine tsintsiyar, ta zauna bakin rijiya. Ta dube shi. “Kambarawa za ka.”

“Gyara zan yi.”

“Dabo.” Rabon da ta kira sunansa tun ba su da 'ya'ya. “Ɗan dako a kafaɗa yake da kanta, da tafin hannu. Kai a kan yatsu na same ta, duk a yayyanke. Tun satin farko na aurenmu na sani.”

Ledar ta yi ƙara a hannunsa. “Ba ki taɓa faɗi ba.”

“In faɗi ma wa? Babana Malam? In ya mayar da ni gida fa? Kai ka yi ƙaryarka don ka same ni, ni na yi shiruna don in zamna. Kowa ya ci riba.” Ta gyara ɗankwali. “Yanzu mi kake nema?”

“Gaskiya. Ai ba laifi ba ne mutum ya faɗi gaskiya.”

“Gaskiyar da ta yi ta barci har Malam ya rasu, yau ta farka da yunwa. Yaron nan ba shi da gona, ba shi da gida na uba. Hoto aka bar mashi. Shi za ka je ka ɗauke?”

“To ke ki shaida mani. Ke kaɗai kika sani.”

“Ni ban ga kana kiɗa ba. Yatsu na gani.” Ta ɗauki tsintsiyarta. “In kai ne, hannunka ya faɗa. Bakina ba ya ciki.”

Situdiyon ɗaki ne ɗaya a bayan wani shagon kayan masarufi, an manna katifu a bango, janareta na kuka a waje. Saniya tana kwance a ƙasa kan bargo. Ta yi ƙura, ta dushe, amma ɗinkin da ya yi mata a ciki yana nan bai motsa ba. A bango ga Sagiru, ya fi girman mutum, yatsunsa a inda Dabo ya ajiye su.

Gyaran bai ba shi wuya ba. Ya kankare tsohon gam, ya sa sabo, ya ɗaure wuyan da ƙusa ta ciki. Yazid ya sayo tsirkiya ta gaske daga Kano, Dabo ya ture ta, ya aika a sayo wayar birki. Ya ɗaura, ya ja, ya kasa kunne, ya sake ja. Da azahar ta yi suka je suka yi salla suka dawo, sannan ya tayar da ita tsaye. Nauyinta ya sauka a kafaɗarsa daidai wurin da ya saba.

“Sa mani ta farkon,” ya ce. “In ji ko ta hau.”

Yazid ya taɓa kwamfuta. Garaya ta shigo ita kaɗai, a hankali, kamar mai leƙen ɗaki. Muryar Salahuddeen ta biyo, matashiya, ba ta san za ta mutu ba. Dabo ya ɗaga hannu.

Saniya ta amsa. Fizga, saki, mari. Ɗakin ya cika har katifun bango suka yi rawa. Ya ga Yazid ya juyo daga kwamfutar, bakinsa a ɗan buɗe, ya ga idon yaron ya tashi daga hannunsa ya koma bango ya dawo. Daɗin da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurensa, kuma ya san daɗin mugunta ne, bai damu ba.

Sai jita ta shigo, kiɗan ya ninka gudu, wurin da ya sa aka kira su mahaukata.

Kansa ya san kowane taku. Hannun ne ya tsaya yin shawara. Ya makara da bugu ɗaya, ya bi shi da gudu, ya makara da biyu. Ɗan yatsan tsakiya ya ƙage a lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Saurayin da ke cikin lasifika, Dabon wancan zamani, ya wuce shi, ya yi nisa, bai waiwayo ba. Dabo ya fizgi tsirkiya da ƙarfin haushi, wayar ta shiga fatar da lallen kwana biyu bai isa ya ƙarfafa ba. Jini ya ɗiga a kan katakon. Ya tsaya. Kiɗan ya ci gaba ba shi, cif-cif, ba kuskure ko ɗaya.

Yazid ya rage sauti. Ya kawo ƙyalle da ruwa, ya durƙusa ya goge masa, ya naɗe hannun. Fuskarsa ta saki, irin sakin wanda mota ta wuce ta gabansa da kaɗan.

“Sannu Baba. Wallahi da farko har ka ba ni tsoro. Ashe ka tsinci wani abu wurin babana.”

Maganar tana bakinsa. Ni ne. Ubanka baro yake turawa. Amma ya ji yadda za ta fito: tsoho wanda ya kasa bin kiɗa yanzun nan a gaban ido, yana jayayya da mamaci. Za a ce hassada ce, ko tsufa. Za a faɗa a shayi a yi dariya. Wanda zai tsaya masa ɗaya ne, ga shi nan naɗe cikin ƙyalle.

“Zama da maɗaukin kanwa,” ya ce.

“Shi ke kawo farin kai,” Yazid ya ƙarasa, yana murmushi. Ya jawo kujera, ya saita makirufo daidai bakin Dabo. “To Baba, bismilla. Yadda ka san shi. Kamar hira.”

Dabo ya dubi jan fitilar da ta kama. Ya fara a hankali. Ya ce Sagiru mutum ne da in abu ya shiga kunnensa ba ya fita. Ya ce ba wanda ya koya masa, shi kaɗai ya zauna da kaset ɗin Turawan nan yana mayarwa baya har ya gane ba taɓawa ake ba, fizga ake. Ya faɗi yadda Sagiru ke jin bugun a ƙirji kafin ya iso hannu, yadda yake tafiya a hanya yatsunsa na motsi a cinyarsa bai sani ba, yadda in suka kai wurin gudun nan yakan ji kamar ba shi ke kaɗawa ba, wani ne ya ari jikinsa. Ya faɗi yadda ya yi kuka a garejin mai rediyo ranar da aka mayar musu da abin da suka naɗa, ya fita waje don kada a gani. Bai taɓa gaya wa kowa waɗannan ba. Suna fita da sunan wani, amma suna fita, ya kasa tsayar da su.

“Wayar ba ta yanka shi?” in ji Yazid.

“Tana yanka shi. Sai ya riƙa ƙunsa lalle, yana jiƙawa da alif.”

Ya ji abin da ya faɗa bayan ya riga ya fita. Ƙyallen bai rufe duka ba, yatsu biyu suna waje, jajaye har gaɓa. Idon Yazid ya sauka a kansu. Ya daɗe a wurin. Janareta na ta kuka a waje. Dabo bai ɓoye hannun ba, ya bar shi a kan gwiwa, yana jira a tambaye shi.

Yazid ya ɗauke ido. Ya juya ga kwamfutarsa, ya gyara wani abu da bai lalace ba.

“Ci gaba, Baba,” ya ce, bai waiwayo ba. “Wace irin riga yake so?”

Dabo ya gaya masa. Wannan kam ta Sagiru ce ta gaske, wata shuɗiya mai aljihu biyu da ba ya cirewa.

Da ya koma gida rana ta yi sanyi. Fatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi ƙyallen, ta dubi fuskarsa.

“Ka faɗa mashi?”

“A'a.”

Ta sauke numfashi, ta ajiye rariya. A idonta ya ga wani abu da ya daɗe bai gani ba, girmamawa, ta ɗauka tausayi ne ya riƙe masa baki. “Allah ya ba ka ladan sutura, Malam. Ka rufa ma maraya asiri.”

Ya san da hannun ya kai ƙarshen waƙar, da ya faɗa, da yanzu yaron ba shi da uban da yake taƙama da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, tana jiran ya amsa addu'ar.

“Akwai ruwan zafi?” ya ce. “Hannun na mani zogi.”